Kunun shinkafa da madara a buɗa-baki: asalinsa da yadda ake dafa shi ba tare da ya kama ba

Wata amarya daga Mabera, wadda bana ne za ta yi azuminta na farko a ɗakin miji, ta aiko min da wannan tambaya: "Malama, ina wuni. Na ga ana ta yawo da hoton shinkafa da madara a waya, ana cewa abincin buɗa-baki ne na Musulmin duniya, har wata ta rubuta wai sunna ce. Na gwada sau biyu. Na farko ta kama a gindin tukunya, ƙauri ya cika gida. Na biyu madarar ta tsinke, ruwa gefe, gudaji gefe. Don Allah yaya ake yin ta, kuma da gaske tana da asali a addini?"

Lafiya lau, ɗiyata. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya kai mu watan da rai da lafiya. Kin kyauta da kika fara gwaji tun cikin Sha'aban, don ba a fafe gora ranar tafiya. Na shekara da shekaru ina koya wa 'yan mata girki da tsaftar abinci a nan Sakkwato, kuma da wuya a sami wadda ta fara wannan kunu ba ta haɗu da ɗaya daga cikin matsalolin nan biyu ba. Za mu zo kansu. Amma bari in fara da maganar sunna, ita ta fi nauyi. Tukunyar da ta ƙone, jiƙo da soso sun ishe ta. Jingina wa Manzon Allah (SAW) abin da bai faɗa ba kuwa, wannan babban al'amari ne.

Babu ingantaccen hadisin da ya ce a buɗe baki da shinkafa da madara. Shinkafa ma ba ta cikin cimar mutanen Madina a zamanin Annabi (SAW). Abincinsu dabino ne da sha'ir da nono, sai nama in an samu. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, da ya zo kan shinkafa a cikin Zadul Ma'ad, cewa ya yi akwai hadisai biyu da ake yaɗawa a kanta, kuma dukansu ƙagaggu ne. Na farko wai da shinkafa mutum ce, da ta zama mai haƙuri. Na biyu wai duk abin da ƙasa ta fitar akwai cuta da magani a cikinsa, ban da shinkafa, ita magani ce zalla. Kin ga ke nan tun da daɗewa son shinkafa yake sa mutane su nema mata falalar da ba a faɗa ba. Wadda ta rubuta miki "sunna ce" wataƙila da kyakkyawar niyya ta yi, amma kada ki tura wa kowa, in da hali ma ki ja hankalinta cikin mutunci.

Abin da ya tabbata a buɗa-baki sananne ne. Anas bn Malik ya ruwaito cewa Annabi (SAW) yakan buɗe baki kafin ya yi salla da ɗanyen dabino, in babu da busasshe, in babu ya kurɓi ruwa. Abu Dawud da Tirmizi sun fitar da shi. An kwaɗaitar da gaggauta buɗa-baki da zarar rana ta faɗi, an kuma ce a yi sahur don akwai albarka a cikinsa. Akwai kuma hadisin Abdullahi bn Abi Aufa a Bukhari: suna cikin tafiya, rana ta faɗi, Annabi (SAW) ya ce wa wani sahabi ya sauka ya dama musu. Malamai suka ce sawiƙ ake nufi, wato garin sha'ir ko alkama da aka soya, a dama shi da ruwa ko nono a sha. Ke 'yar Sakkwato, kina jin wannan na san hura za ta faɗo miki a rai. Sai talbina, kunun garin sha'ir da akan sa wa zuma ko madara, wadda Nana A'isha ta ruwaito cewa tana kwantar da zuciyar mara lafiya, tana rage wani abu na baƙin ciki. Sunanta ma daga laban ya fito, wato nono a Larabci, saboda fari da laushinta kamar nono. Ita ce 'yar'uwa mafi kusa ga kununki a cikin hadisi, amma da sha'ir ake yin ta, kuma don majinyaci da wanda aka yi wa rasuwa aka ambace ta, ba a keɓe ta ga azumi ba.

To shinkafa da madara al'ada ce, halaliya, mai kyau. Ladanki yana cikin niyyar ciyar da mai azumi, don Zaidu bn Khalid ya ruwaito cewa wanda ya ba mai azumi abin buɗa-baki yana da kwatankwacin ladansa, ba tare da an rage wa mai azumin kome ba. Wannan lada, da ƙosai kika same shi ko da kunun tsamiya, duk ɗaya ne.

Inda masu hoton suka yi gaskiya shi ne, al'ummun Musulmi da yawa sun saba da wannan abinci a watan Ramadan, kuma tsoho ne ƙwarai. Littafin girki na Ibn Sayyar al-Warraƙ, wanda aka rubuta a Bagadaza a ƙarni na 10 miladiyya, yana ɗauke da girke-girken shinkafa da madara. A Masar suna ce masa ruz bil laban, mutanen Sham kuma riz bi halib. Ki riƙe wannan bambanci don zai yi miki amfani a madafa: a bakin Bamisire laban madara ce sabuwa, a bakin mutumin Sham kuwa laban kindirmo ne. Na sha ganin wadda ta ji "laban" ta ɗauko nono ta zuba a tukunya. Turkawa suna da sutlac, su sukan sa shi a tanda har samansa ya yi ja. A Indiya da Pakistan akwai kir, da firni wanda ake yi da niƙaƙƙiyar shinkafa a zuba a ƙananan kasake na laka ya daskare. Iraniyawa suna yin shole zard, shinkafa da sukari da za'afaran da ruwan wardi, babu madara ko kaɗan, su yi ado a samansa da garin kirfa su raba sadaka. A Malesiya da kudancin Indiya masallatai ne ke dafa kunun shinkafa a manyan tukwane a raba wa masu azumi, sai dai nasu na gishiri ne, da kayan yaji, sau da yawa har da nama. Nan kusa da mu, mutanen Senigal suna da sombi, wasu sukan yi shi da madarar kwakwa. Kuma kada ki ɗauka na Musulmi ne kaɗai: mabiya Hindu suna kai irinsa wuraren bautarsu, mutanen Denmak suna cin nasu a Kirsimeti.

Abin da ya haɗa shi da azumi cikin mai azumi ne. A nan garinmu mutum yana yin awa 13 zuwa 14 bai sa kome a baki ba. In aka kira magariba, abin da jiki yake nema ruwa ne da ɗan zaƙi da abu mai laushi wanda ba zai wahalar da ciki ba. Shinkafar da ta narke a madara ta haɗa duka ukun. Ga shi gwangwani ɗaya na shinkafa yana isar mutum biyar ko shida, ga sauƙin rabawa a faranti ko a kofi, tsoho mara haƙori yana sha, yaro yana sha. Duk inda Musulmi suke da shinkafa da shanu ko kwakwa, sai suka kai ga abu kusan iri ɗaya, ko da ba su taɓa haɗuwa ba. Mu ma mun kai gare shi tun kaka da kakanni: kunun gyaɗa da shinkafa, wanda ba a rasa shi a kwanon shan ruwa, shi ne namu. Mun tatsi madara daga gyaɗa, su sun tatsa daga saniya. Shi ya sa ba na son in ga yarinya tana kallon wannan kunu kamar baƙon da ya zo daga ƙetare sai an yi masa sayayya ta musamman. Duk abin da yake buƙata yana nan a kasuwarmu.

Shinkafa kanta ba baƙuwa ba ce a fiƙihun da muka tashi da shi. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan garin nan, ta lissafa ta tare da gero da dawa da alkama da dabino cikin abin da ake fitar da zakkar fidda-kai da shi, sa'i ɗaya, wato mudun Annabi huɗu, daga abin da ya fi yawa a cimar mutanen gari. In ana neman inda shinkafa ta shiga hukuncin azumi da sunanta, to a nan ne.

Yanzu mu shiga madafa, mu fara da shinkafa, don a nan mata da yawa suke yin kuskure tun kafin su hura wuta. Ɗanyar shinkafa za ki nema, wato ta tuwo da masa, wadda ba a turara ba. Shinkafar da aka yi wa gumi, da doguwar nan ta buhu da ake dafa-duka da ita, an riga an dafa su a cikin ɓawonsu an shanya, sitacinsu ya ɗaure. Shi ya sa suke yin warawara, kuma shi ya sa ko awa biyu suka yi a madara za ki ga ƙwaya na yawo daban, ruwa daban. Ɗanyar shinkafa kuwa tana fashewa ta saki danƙonta, wannan danƙo shi ne kaurin kunun. Ba kya buƙatar fulawa ko kastad. Ta fadamunmu na gulbin Rima, irin ta Wurno da Goronyo, ko wadda ake kawowa daga Argungu, duk suna yi sosai. Ki ce wa mai awo ta tuwo kike so, in ma akwai gutsattsarin da ya karye wajen casa, ki saya, ya fi arha kuma ya fi saurin narkewa. Jar shinkafarmu ta gargajiya, wadda asalinta nan Afirka ta Yamma ne, aka fara noma ta a dausayin kogin Kwara cikin ƙasar Mali kimanin shekara 3,000 da suka wuce, ita ma tana yi. Kunun zai fito da ɗan ja, da gardi irin na hatsi, sai dai tana ɗaukar lokaci. Ni ina son ta ƙwarai, amma ki fara da fara har hannunki ya faɗa.

Awo da gwangwanin madara za mu yi. Shinkafa gwangwani 1, ruwa gwangwani 3, madara lita 1 wato kusan gwangwani 6, sukari rabin gwangwani, gishiri ɗan abin da yatsu biyu suka tsinko. Zai yi miki kamar shinkafar ta yi kaɗan. Kada ki ƙara. In kin ƙara, tuwon madara za ki sauke.

Na matsa a kan awo ne saboda kina azumi. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa babu laifi mai azumi ya ɗanɗani abin da ke cikin tukunya muddin bai haɗiye ba, amma a mazhabarmu ta Malikiyya an karhanta, Mukhtasar Khalil ya ambaci ɗanɗanar gishiri sannan a tofar cikin makaruhai. Wadda ta riƙe awonta ba ta buƙatar kai ludayi baki. Ki rubuta shi a takarda ki liƙa a bango in kina tsoron mantuwa.

Madara iri uku ce a gabanki. In ta gari ce, ki dama gwangwani 2 a cikin gwangwani 6 na ruwan ɗumi, a kwano daban, har ta narke tas; in kika barbaɗa ta kai tsaye cikin tafasasshen kunu gudaji za ta yi. Ki duba jikin ledar, wasu masu arha an cire musu man shanu an maye da man itatuwa, suna yi, amma ba sa kai mai cikakken mai garɗi. In ta gwangwani ce, uku da ruwa uku. In kuwa kin sami madarar shanu sabuwar tatsa daga ruga, ita ce sarauniya, amma da sharaɗi biyu. Dole ta tafasa, don ɗanyar madara tana iya ɗauko cutar bakkale, wadda ke sa shanu ɓari, da tarin fuka daga saniya zuwa mutum. Sannan ki gwada ta tukuna: ki ɗebi ludayi ɗaya ki tafasa a ƙaramar tukunya. In ta tsinke, to ta fara tsami a hanya, ki bar ta ta kwana ta zama kindirmo, kada ki yi asarar shinkafarki. Madarar da aka tatsa da hantsi aka yi tafiya da ita cikin rana, kafin la'asar sau da yawa ta juya, ko da hanci bai ji ba.

Bayan azahar ki rege shinkafar ki fitar da tsakuwa, ki wanke ta sau ɗaya ko biyu kawai. Ba a wanke ta har ruwa ya yi garau kamar ta dafa-duka, farin ruwan nan da yake fita shi muke so. Ki jiƙa ta kamar awa ɗaya, ki tsane, ki murtsuke ta da tafin hannu ko ki ɗan taɓa ta a turmi, kowace ƙwaya ta rabu biyu ko uku. In kin idar da la'asar sai ki ɗora.

Tukunya mai kaurin gindi za ki ɗauka, irin ta alminiyon da maƙera suke zubawa. Falalen tukunyar nan mai sheƙi ta kayan ɗaki, ki bar ta a kabad, ina kyautata zaton ita ce ta ƙona miki na farko. Ki zuba ruwa gwangwani uku da gishirin da kanumfari biyu ko uku da ɗan sandan kirfa, ya tafasa, ki zuba shinkafa ki rufe rabi. Ki bar ta a ruwa zalla har ta fashe, ki matsa ƙwaya ɗaya tsakanin yatsu ki ji ta yi liɓis babu tsakiya mai tauri. Minti 15 zuwa 20 ke nan. Dalilin fara ta da ruwa shi ne shinkafa ta fi saurin nuna a ruwa, kuma duk mintin da madara ba ta yi a kan wuta ba, kin rage haɗarin kamu.

Daga nan ki rage wuta sosai. In gas ne, ki mayar da shi can ƙasa, in har yanzu yana da ƙarfi ki sa tsohon faranti na ƙarfe tsakanin wuta da tukunya. In gawayi ne, ki kwashe rabinsa ki yayyafa wa sauran toka. In itace ne, ki janye shi ki bar garwashi. Ki zuba madarar da ɗuminta, kashi uku, kina juyawa da muciya. Daga wannan lokaci ba a barin tukunya. Ki jawo kujera 'yar tsugunno ki zauna, ki kunna tafsiri a rediyo, bayan kowane minti biyu ko uku ki bi gindin tukunya da muciya, har kusurwoyi, ki kuma kankaro abin da ya maƙale a gefe ki mayar ciki, nan daɗin yake. Kada ki rufe, madara tana hawa ta zube cikin ƙiftawar ido. Tafasar da ake so ita ce wadda kumfa ke tasowa ɗaya-ɗaya yana fashewa a hankali. Bayan minti 25 zuwa 35 za ki ga launin ya tashi daga fari fat zuwa ruwan madara mai ɗan duhu, muciya ta fara yin nauyi, sautin tafasar ma ya sauya ya koma ɓul, ɓul. Sai ki tsoma ludayi ki ɗaga, ki ja yatsa a bayansa. In layin ya tsaya bai rufe ba, ya yi.

Sukari sai a minti biyar na ƙarshe. In ya shiga da wuri yana ƙwace ruwan da shinkafa take buƙata, ta ƙi nuna da kyau, kuma yana sa kamu. Ki sauke kunun tun yana da ɗan ruwa fiye da yadda kike so, don yana ƙara kauri in ya huce. Wanda ya yi daidai a kan wuta, kafin a kira salla ya zama na yanka da cokali.

In duk da haka kika ji ƙauri, kada ki kankare gindin, a nan ake ɓata shi gaba ɗaya. Ki sauke nan take, ki juye na sama cikin wata tukunya ba tare da muciya ta taɓa ƙasa ba, ki ci gaba. Ƙanzon ki jiƙa shi da ruwa.

Tsinkewa kuma, tsami ne ke kawo ta. Hannunmu ya saba da kunun gyaɗa, wanda ake ƙarasa shi da ruwan tsamiya ko lemon tsami ya yi kauri. Madarar shanu ba ta ɗaukar wannan. Da tsami ya taɓa ta a kan wuta, furotin ɗinta zai dunƙule ya rabu da ruwa, kamar yadda ake yin awara. Nono da kindirmo ma haka, ba a tafasa su. Akwai kuma wani abin da mutane ba su cika zargi ba: ɗanyar citta. Tana da wani sinadari da yake daskarar da madara mai ɗumi, har mutanen kudancin Sin suna da wani abin zaƙi da suke yi da wannan dabara da gangan. In kina son citta, ki jefa ta tun farko ta tafasa da ruwan shinkafa, zafi yana kashe wannan ƙarfi nata. Mazarƙwaila ma takan tsinka madara in an tafasa su tare, dabino mai yawa haka nan. Su biyun ki sa su bayan kin sauke, kunun ya ɗan sha iska. Ina son ki tuna wanne kika sa a gwajinki na biyu, ina jin a cikin waɗannan za ki sami mai laifin.

Kayan ƙamshi kada su yi yawa. Kanumfari da kirfa sun isa. In kina da hel, kayan ƙamshin nan da Larabawa suke sa wa gahawa, irin wanda alhazai suke kawowa, ki fasa uku ki jefa tare da madara. Gyaɗar ƙamshi a kankara kaɗan a sama. Zabibi, kwakwa da aka goga aka ɗan soya, ko soyayyar gyaɗa da aka ɓarza, duk a sama lokacin zubawa. Ni wanda na fi so shi ne in rage sukari zuwa kwata, in yayyanka dabino uku a kan kowane kofi.

In kina son mai santsi irin firni, ki niƙa jiƙaƙƙiyar shinkafar ta yi kamar tsaki mai laushi, ki rage ta zuwa rabin gwangwani, ki dama da madara mai sanyi, ki zuba cikin sauran madarar da ta yi zafi kina juyawa ba tsayawa. Minti 15 ya nuna. Ya fi sauri, ya kuma fi saurin kamu.

Akwai maganar da nake roƙon ki riƙe ta fiye da duk awon da na ba ki, ita ce ta ajiya. Shinkafa tana ɗauke da wata ƙwayar cuta, Basilus seriyus, wadda take lulluɓe kanta ta tsira daga tafasa. In dafaffiyar shinkafa ta huce ta zauna a ɗumi, ƙwayar takan farka ta hayayyafa ta zuba guba, kuma wannan guba sake ɗumamawa ba ya kashe ta. Madara kuma ƙarin taki ce a gare ta. Ƙa'idar masana tsaftar abinci ita ce kada irin wannan abinci ya wuce awa 2 a waje, in zafin wuri ya haura digiri 32 kuma awa 1. Ke kin san Sakkwato: daga Maris zuwa Mayu zafi yana wuce digiri 40, kuma azumin 2024 cikin Maris da Afrilu muka yi shi. Wata shekara, a irin wannan zafi, wata maƙwabciyata ta rufe ragowar kunun magariba a tukunya don sahur, an ɗauke wuta, firji ya zama akwati. Da asuba ta ɗumama shi, ƙamshinsa lafiya lau, aka sha. Kafin hantsi yara uku suna amai, maigidan ma dole ya karya azumi ya rama daga baya. Ni na raka su asibiti, kuma har yau ina tuna ƙaramar cikinsu, kwance a kafaɗar uwarta, leɓɓanta sun bushe, ko kuka ba ta iya yi. Allah ya sa suka warke. Don haka ki dafa daidai cikin gidanki. Ki zuba shi da zafinsa a kula mai riƙe zafi har a sha ruwa. In kina da firjin da kika amince da shi, ki raba ragowar a farantai marasa zurfi ya huce da wuri, ki saka cikin awa ɗaya, ki shanye kafin kwana biyu. In babu, abin da ya rage bayan magariba ki fitar da shi tun da ɗuminsa, almajirai suna ƙofar gida, maƙwabta suna nan, masallacin unguwa yana nan.

A buɗa-baki, dabino da ruwa tukuna, a yi salla, sannan kofi ɗaya na kunun da ƙosai. Kada a cika ciki da shi, nauyi zai hana asham. A sahur kuwa ba na ba da shawarar mai sukari sosai, farar shinkafa da sukari suna saurin narkewa, kafin azahar yunwa ta dawo. Hura da nono ko tuwo da miya sun fi riƙe ciki. In maigidan ya nace shi yake so, ki dafa sabo, ki rage zaƙi, ki ƙara gyaɗa, ki haɗa masa da dafaffen ƙwai.

In akwai mai ciwon sukari a gidan, ki ɗebar masa kafin ki sa sukari, kaɗan kuma, don shinkafar kanta tana ɗaga sukarin jini. Maganar azuminsa da awon abincinsa ta likitansa ce. Wanda madara take sa wa kumburin ciki da gudawa, kuma suna da yawa a cikin manya, ki yi masa da madarar gyaɗa ko ta kwakwa, awo ɗaya ne. Jaririn da bai shekara ba, ba a sa masa zuma.

Ranar farko da kika ga ya yi yadda kike so, ki zuba a langa mai murfi ki aika wa surukarki da ɗuminsa kafin a kira salla, ki rage masa sukari, ki ɗora ɗan guntun mazarƙwaila a gefe ta sa da kanta. Kafin fadar Sarkin Musulmi ta sanar da ganin wata kina da sauran kwanaki. Ki gwada ranar Litinin ko Alhamis da rabin awon nan: shinkafa rabin gwangwani, ruwa ɗaya da rabi, madara uku. In ya sake tsinkewa, ki aiko min da irin madarar da kika sa, da ƙarfe nawa ta shigo gidan, da abin da kika jefa a tukunyar bayanta.